Jan Layin Malam Zadok

Sana'ata saka hoto a gilashi, kuma a shagona na Jimeta na tsufa. Hoton aure, takardar gama makaranta, Ayatul Kursiyyu, hoton Yesu da tumakinsa, duk wanda aka kawo nakan yanka gilashi in buga katako in miƙa wa mai shi. Sunana Bobboyi, haifaffen cikin garin Yola. Mutane suna cewa ina da faɗa, ni kuwa na ce su ne ba su iya kawo aiki a kan lokaci ba.

A wannan shagon na san Malam Zadok. Gajere ne, da tabarau mai kaurin gindin kwalba, aljihun rigarsa kullum cike da biro. Ya yi shekaru yana koyar da ilimin ƙasa a sakandaren garinsu, Tilangu, can cikin duwatsun da ke gaba da Mubi, kafin a maido shi Jimeta ya yi ritaya ya zauna a unguwar Damilu. Ranar da ya fara zuwa wurina yana rungume da guntun bututun famfo kamar mai ɗauke da jariri. Ya buɗe bakin bututun ya zaro wasu takardu da suka yi launin tsohon haƙori.

"Hamma," ya ce, wato yaya da Fulatanci, sannan ya ci gaba da irin Hausarsu ta mutanen dutse, "ka yi hankali. Wannan takarda ya girme babanka."

"Ka san babana ne?" na ce. "Ajiye nan in gani."

Taswirori ne. So yake in liƙa musu akoko a baya don kada su ƙarasa yagewa. Aikin kwana biyu ne, amma mutumin nan ya mayar da bencina ofishinsa, har yau kuma bai tashi ba.

Ni da ban taɓa taka Tilangu ba, na san ta fiye da wasu unguwannin Jimeta, don dole. Yakan shimfiɗa taswirar da Jamusawa suka zana, ya nuna mini garin a can ƙololuwar dutse. Sai ya ɗora ta Turawan Ingila a kai, ya ɗaga su duka biyu ga hasken ƙofa, ka ga garin ya gangaro zuwa ƙugun dutsen. A ta ukun, wadda ma'aikatan safiyo suka yi bayan samun 'yancin kai, garin ya sauko ƙasa gaba ɗaya ya kwanta a bakin titi. Da waɗannan takardun ya yi ta hawa dutse duk lokacin hutu yana neman abin da kakanninsa suka bari. Ya gano rijiyoyin da suka cushe, da gindin rumbuna, da wurin da maƙera suke narka tama, da duwatsun niƙa da suka lotsa saboda aiki. In ya fara wannan labarin, abokin ciniki sai ya gaji da sallama ya tafi.

Abu ɗaya ne babu a ko ɗaya daga cikin taswirorin. A bayan dutsen akwai wani kogo da mutanen Tilangu suke kira Ɗakin Kaka, wanda zai ɗauke garin duka da awakinsu. A nan suke ɓuya a zamanin da mahaya dawaki ke zuwa kamun bayi, kuma ba a taɓa kama mutum a cikinsa ba. Dalili shi ne hanyarsa ba a faɗarta da baki, ba a nuna ta da yatsa. In mutum ya yi aure ya haihu, uwarsa ce za ta kama hannunsa wata safiya ta kai shi, ba ta magana ba ya magana, su je su dawo. Sau ɗaya ake kai mutum. Baƙo kuwa, ko ya shekara nawa a garin, ba a kai shi. Turawa sun zo da na'urorinsu sun auna ko'ina, suka bar wannan gefen dutsen fari fat.

Zadok uwarsa ta rasu tun yana ƙarami. Yayarsa Keturah ce ta goye shi, ta yi noma ta tura shi makaranta, ita ce kuma ta kama hannunsa ta kai shi Ɗakin Kaka bayan an haifa masa ɗan fari.

To, mai ilimin boko ba ya ganin fili a takarda ya ƙyale. Wannan farin wurin ya dame shi. Ya ce yara suna tasowa ba su san kansu ba, iyaye mata sun fara daina kai 'ya'yansu, wata rana hanyar za ta bi tsofaffi kabari. Ya ɗauki jan biro ya ja layi tun daga tsohuwar rijiya, ta tsakanin wasu duwatsu biyu masu kama da ƙofa, har bakin kogon. Ya buga kwafi ya raba wa ɗalibansa, shekara bayan shekara, ɗan gari da ɗan baƙo, Kirista da Musulmi, har jarrabawa yake yi musu a kai. Dattawan garin suka ci shi tarar akuya. Ya biya yana dariya, ya ce musu kamun bayi ya wuce, yanzu zamanin gwamnati ne.

Sau ɗaya na ga Keturah. Ta zo Yola neman maganin ido, ya kawo ta shagona ta huta. Doguwa ce siririya, hannunta kamar itacen kirya. Lokacin na saka masa wata babbar taswira mai jan layin nan a gilashi, tana jingine a bango tana jiran ya ɗauka. Matar nan da aka ce ba ta gani sosai, tana shigowa ta hango ta. Ta ja kujera ta juya wa bangon baya ta fuskanci titi.

"Kai ne ka sa wannan abu a gilashi?" ta tambaye ni.

"Ni ne, Adda," na ce, yadda muke kiran babbar 'yar'uwa.

"Hannunka yana da kyau," ta ce. "Kan ƙanina ne babu kyau. Na kai shi wuri da hannuna, shi kuma ya kai kasuwa."

Zadok ya yi ta dariya yana cewa tsofaffi ba sa son ci gaba. Ni ma na taya shi. Ita ba ta yi ba, ta sha ruwanta ta ce a kai ta tasha.

Sai shekarar 2014 ta zo. Wanda bai zauna a Jimeta a ƙarshen waccan damina ba, ba zai gane irin tsoron da muka ci ba. Garuruwan arewa suka riƙa faɗawa hannun 'yan Boko Haram ɗaya bayan ɗaya, har Mubi ta tafi. Mutane suka yi ta kwararowa a ƙafa, ƙafafu a kumbure, wasu ba takalmi, wata da goyon da ba ta san na waye ba. Kowane gida ya cika, masallatai da coci-coci suka cika. Kullum da sabon zance, yau a ce sun iso Hong, gobe a ce an gan su a Gombi, jibi a ce gadar Binuwai suke nufi. Matata ta ɗaure kayanmu a zani ta ajiye a bayan ƙofa. In tayar mota ta fashe a titi, kafin ka ɗaga kai kasuwa ta watse. Ni kaina in baƙo ya shigo da jaka, idona a kan jakar yake har ya fita.

Wata safiya Zadok ya shigo bai yi sallama ba. Ya zauna ya ajiye wayarsa a kan gwiwa. Fibi ce ta kira shi, matar ɗan Keturah. Abin da ta samu ta faɗa kawai shi ne 'yan Boko Haram sun shigo, ana ƙona gari, su kuma suna hawa dutse da Mama, wato Keturah. Daga nan layi ya ɗauke, bai sake dawowa ba.

"To ai alhamdu lillahi," na ce. "Tunda sun hau dutse, sun shiga kogon naku."

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Shi ne abin da nake tsoro, Hamma."

Ba a jima ba waɗanda suka tsere ta titi suka fara isowa da labari. Cikin masu bindigar akwai waɗanda ba su ma rufe fuska ba, 'yan garin ne, an san iyayensu. Aka ambaci wani Salihu. Zadok ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce ya koyar da shi, kuma a ajinsu babu wanda ya kai shi iya zana taswira, har kyautar littafi ya taɓa ba shi.

Daga ranar barci da abinci suka rabu da shi. Yayarsa da ta goye shi tana cikin rami da mata da yara, kuma hanyar ramin tana hannun wanda ke nemansu, da rubutun hannunsa. In ya zauna shiru sai in ga yatsansa yana tafiya a kan cinyarsa, yana bin layin, daga rijiya zuwa duwatsu biyu zuwa bakin kogo. Wani lokaci ya ce watakila Salihu ya yar da takardar tuntuni, wa ke ajiye takardar makaranta. Kafin in amsa ya ce ai ba ya buƙatar takardar, ya haddace.

Sai ya shiga wani aiki da na ce masa na hauka ne. Ya riƙa bin tsofaffin ɗalibansa da ke Jimeta da Yola, ma'aikatan gwamnati, masu shaguna, matan aure a unguwar Karewa, yana ƙwanƙwasa ƙofa yana tambaya ko suna da takardar nan da ya ba su a aji. Yawancinsu suka yi masa kallon wanda ya zautu. 'Yan kaɗan suka tono ta daga ƙasan akwati. Ya kawo su bayan shagona ya ƙona a kaskon da nake narka gam, yana jujjuya tokar da tsinke.

"Malam," na ce, "magana zarar bunu ce. Waɗanda ka ƙona ɗin na mutanen kirki ne. Wadda kake tsoro tana can."

"Na sani."

"To me kake yi?"

"In ban yi wani abu ba zan mutu," ya ce.

Daga baya ya yanke shawarar kai taswirar wurin sojoji, ya nuna musu inda mutanensa suke ko za a je a fito da su. Na ce masa wannan ai sake tona asirin ne. Ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ciro babbar daga gilashinta, ya naɗe ya zura a bututunsa. Da na ga ba zai ji ba, na rufe shago na bi shi.

Ba mu yi nisa ba. A bakin kasuwa 'yan banga da mafarauta sun sa shinge suna binciken kowa, don kowa na tsoron a shigo da bam. Ga gajeren mutum, ido ja saboda rashin barci, yana rungume da bututu a rufe. Wani ya nuna shi da gora ya ce ya tsaya nan, ya ajiye a ƙasa, ya ja da baya. Mutane suka dare. Aka sa shi ya buɗe da hannunsa, ya zaro takardar ya shimfiɗa a kan kwalta. Ga duwatsu, ga hanyoyi, ga jan layi ya nufi wani wuri.

"Taswira ce," wani ya faɗa daga baya. "Ɗan leƙen asirinsu ne."

Waɗanda suka gudu ɗazu suka dawo, suka yi mana zobe. Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse, na ji wani yana tambayar ina taya. Zadok kuwa, maimakon ya roƙi ransa, sai ya faɗa kan takardar ya rufe jan layin da ƙirjinsa don kada a gani. Wannan ya ƙara tabbatar musu. Gora ta sauka a bayansa, tabaransa suka yi gefe. Na tabbata a gabana za a ƙone mutumin nan.

Allah ya sa shugaban mafarautan dattijo ne, na ji yana yi wa yaransa magana da Fulatanci. Na kutsa na kama hannunsa na yi masa magana da harshenmu. Na faɗa masa sunan mahaifina da unguwarmu a Yola, na ce wannan malamin makaranta ne, Kirista ne ma, yayarsa ce a kan dutse, in an taɓa shi a fara da ni. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya daka wa jama'a tsawa, ya sa aka ɗaga Zadok. Amma taswirar ya naɗe ta ya ce za a kai wa na gaba su duba. Ba mu sake ganinta ba, ba mu kuma san hannun da ta faɗa ba.

A cikin keke napep muna komawa, jini na bin gefen kunnensa, abin da ya ce kawai shi ne, "Ga wani kuma ya fita."

Bayan haka sai jira. Kullum yana hanyar Malkohi, inda aka tara 'yan gudun hijira, yana bin layin masu karɓar abinci yana leƙa fuskoki. Kusa yake matsowa saboda sabon tabaran bai kai tsohon ba, har mata suna tsarguwa. Ya ga 'yan Tilangu da suka bi titi, amma ko mutum ɗaya bai gani ba cikin waɗanda suka hau dutse. Shirun nan ya fi mugun labari cin rai. Kirsimeti ta zo ta wuce bai je coci ba, ya ce ba ya iya zama wuri ɗaya. Rigunansa suka yi masa yawa.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, sannan aka fara dawo da mutanenmu da suka tsallaka Kamaru a manyan motoci. Wata rana da hantsi aka aiko masa cewa an ga Fibi a Malkohi. Ya zo shago ya ce in raka shi, ƙafafunsa ba za su kai shi ba.

Mun same ta a gindin wata bishiya tana ba yaro kunu. Ta rame har sai da ta kira shi sannan ya gane ta. Ta durƙusa ta gaishe shi. Bai amsa gaisuwar ba.

"Sun same ku a Ɗakin Kaka?"

"Ba mu shiga ba, Kawu."

Ya tsaya yana kallonta. Ta ce da suka kai tsohuwar rijiya jama'a suka tsaya, aka ce Mama ta wuce gaba tunda ita ce babba. Mama ta ce ba can za a je ba. Wasu suka yi gardama, suka ce kakanninmu can suka tsira, ga shi kusa, ga yara sun gaji.

"Mama ya ce, kakanninmu ba a zana su a takarda ba. Ya ce masu bindigan nan ƙanina ne ya koya musu hanya, in mun shiga za su toshe bakin da wuta. Kowa kuwa ya san gaskiya ne."

Sai suka juya suka bi doguwar hanya ta kan duwatsu zuwa Kamaru. Ba su ɗauki guzuri ba, kuma ta wannan gefen babu ruwa. Tsofaffi da ƙananan yara suka fara zubewa. Keturah ta yi tafiya har ƙafafunta suka ƙi, aka goya ta bi da bi, ta cika a bayan ɗanta. Ƙasa ta yi tauri ba abin tonawa, sai duwatsu suka jera mata. Fibi ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube shi da zargi ba. Ni da na so ta zage shi, da ya fi sauƙi.

"A ina ne wurin?" ya tambaya.

"Ban sani ba, Kawu. Dutse ne kawai ko'ina."

"Ya bar mini magana?"

Fibi ta sunkuyar da kai tana goge bakin yaron da gefen zani.

"Bai ce komai ba. Ruwa kawai yana ta tambaya."

Na kama shi muka koma. A hanya na yi ta faɗa masa abin da ake faɗa, cewa kwana ne ya ƙare, cewa ba shi ya ɗauki bindiga ba. Na ƙara da cewa ai yayarsa ta yi daidai, da sun shiga kogon da yanzu babu ko Fibin. Wannan ya riƙe. Ya yi ta maimaitawa, da sun shiga da an gama da su duka. Da wannan maganar ya samu ya fara cin abinci.

Yau Tilangu ta koma hannun mutanenta, an sake rufin coci da masallaci, ana cin kasuwa. Salihu ba wanda ya san inda ya ƙare. Zadok ya tsufa ƙwarai, har yanzu yana zuwa ya zauna a bencina, muna faɗa a kan siyasa da tsadar gilashi. In ɗalibai suka zo neman tarihin garuruwan dutse yakan nuna musu taswirorin Turawa, ya yi bayani daidai gwargwado ya naɗe.

Sau ɗaya ya koma garin, a bazarar da hanya ta buɗe. Na hana shi bai hanu ba. Da ya dawo bai biya gidansa ba, ya zo shago kai tsaye, da ƙurar mota a jikinsa, ya zauna a benci. Lokacin ina yankan gilashi.

"Na hau, Hamma," ya ce. "Na shiga Ɗakin Kaka."

Na ajiye abin yankan.

"Ba wanda ya je. Saƙar gizo ya rufe bakin. Ba sawun takalmi, ba toka, ba kwanson harsashi. Ba su taɓa nema ba."

Ya ce a ciki ya tarar da tukwane jere, an liƙe bakinsu da laka, cike da dawa. Ashe matan garin ba su taɓa daina kai hatsi can duk kaka ba, kuma ya gane na yayarsa da irin zanen da take yi a wuyan tukunya. Abincin zai riƙe su har a ƙwato garin. A can ƙuryar kogon kuma ruwa na ɗiga daga dutse cikin wani kwarmi, ya cika har yana malala, mai sanyi, ana ganin ƙasansa.

Sai na tambaye shi ko ya sha, don hawan dutsen nan a cikin zafin bazara ba wasa ba ne ga tsoho irinsa. Ya ce ya durƙusa, ya ɗebo da hannu biyu, ya mayar. Da ƙishinsa ya sauko.